Wa ya gaya wa Facebook kin yi ɓatan wata?

Mace ta yi ɓatan wata. Ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, balle ƙawa. Wuri ɗaya ta ajiye maganar: manhajar lissafin al'ada da ke wayarta. Kwana uku tsakani, tana cikin trotro daga Nima za ta Circle a birnin Akra, ta buɗe Facebook sai ga tallan kayan jarirai, ta gangara kaɗan sai ga na maganin laulayi. Wa ya kai labarin?

Amsa biyu aka fi ji a wajen kitso da zaurukan mata na WhatsApp. Wasu su ce wayar ce ke sauraren hirar mutane. Wasu su ce kamfanin manhajar ya sayar da sunanta da lambarta ga 'yan kasuwa. Ta farko ba ta da hujja mai ƙarfi: a 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana naɗar murya a ɓoye tana turawa ba. Ta biyun ta kusa gaskiya, amma ta kuskure wani abu babba. Mai talla ba ya neman sunanki, kuma ba ya buƙatarsa.

Abin da ake zuba wa manhajar

Flo, Clue, Maya, Period Tracker da ire-irensu aikinsu na asali ɗaya ne: ki saka ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, su lissafa miki na gaba. Amfaninsu ba abin musu ba ne. Cikin tambayoyin farko da ake yi wa mai zuwa awo a asibitin Mamobi ko wani asibiti akwai ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, domin daga ita ake ƙirga makonnin ciki. Ga Musulma kuwa lissafin ya wuce na asibiti: kwanakin da ta ajiye salla, azumin da za ta rama, rarrabe haila da jinin ciwo, ƙirga tsarki ga mai idda. Abin da iyayenmu mata ke riƙewa a ka, yau an damƙa wa waya.

Sai dai manhajar ba ta tsayawa a kwanan wata. Tana tambayar yawan jinin, ciwon mara, farin ruwa da kamanninsa, yanayin zuciya, nauyin jiki, ko ana shan ƙwayar tazarar haihuwa, ranar da aka sadu da ko an yi amfani da kariya, da sakamakon tsinken gwajin ciki. Duk cikin waɗannan, mafi daraja ga kasuwa ita ce tambayar da ake yi miki a minti na farko da kika sauke manhajar: lissafin al'ada kawai kike so, ko ciki kike nema, ko kina da shi? Danna ɗaya daga cikin ukun nan ya raba mata gida uku, kowane gida da kayan da za a tallata masa.

Me ya sa ciki ke da tsada haka?

Mai ciki tana dab da sauya kusan duk abin da take saya, daga sabulu da man shafawa zuwa abinci, magani, tufafi da inshora, kuma kayan da ta fara sabawa da su a wannan lokacin takan daɗe a kansu. Duk ɗan kasuwan da ya riga sauran isa gare ta ya ci riba. Wani rahoto na Cibiyar Minderoo da ke Jami'ar Cambridge, wanda ya fito a watan Yuni 2025, ya ce ana kiyasta bayanin ciki ya fi bayanin shekaru, jinsi ko wurin zama daraja fiye da sau 200 a kasuwar talla. Rahoton ya kuma kiyasta cewa manyan manhajoji uku kaɗai an sauke su kusan sau miliyan 250 a faɗin duniya.

Farautar masu ciki ta girmi manhajojin ma. A 2012 jaridar New York Times ta bayyana yadda babban kantin Target na Amurka ke gane mai ciki daga sayayyarta: kayayyaki kusan 25, irin su man shafawa marar ƙamshi, auduga da ƙwayoyin ƙarin sinadarai, sun isa ya kintaci har lokacin haihuwa. Wancan kintace ne. Manhajar al'ada kuwa ba ta kintace, mai jikin ce ke faɗa mata da hannunta. Kuma yawancinsu kyauta ake sauke su, alhali akwai ma'aikata da ake biya albashi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Hanyar da labarin ke bi

Kowace waya ta zamani tana da wata doguwar lamba ta haruffa da alƙaluma da ake kira lambar talla. Ba lambar layinki ba ce, ba kuma lambar jikin wayar ba. An yi ta ne musamman domin manhajoji daban-daban su gane cewa waya ɗaya ce suke hulɗa da ita. Tecno, Infinix, itel, Samsung, duk wayar da ke da Play Store tana da ita. iPhone ma tana da irin tata.

Sannan mai gina manhaja ba ya gina komai da kansa. Yakan ɗauko guntayen manhaja da manyan kamfanoni suka riga suka rubuta, waɗanda ake kira SDK, ya dasa a cikin tasa: wannan na ƙirga masu amfani, wancan na nuna talla, wani na gano ko tallan da ya biya a Facebook ne ya jawo ki. A kira su 'yan rakiya. Kin gayyato baƙo ɗaya, ya shigo da mutum biyar, kowanne da gidan da yake kai rahoto.

Duk abin da kika danna a manhajar ana iya rubuta shi a matsayin aukuwa, a ba shi suna, ɗan rakiya ya tura shi gida haɗe da lambar tallar wayarki. Nan ɓarnar take. Idan mai manhajar ya sa wa aukuwar suna marar ma'ana, wanda ya karɓa bai san komai ba. Idan kuwa ya sa mata suna kamar "ta zaɓi makon ciki", ai ya gama faɗa. Kamfanin da ya karɓi saƙon, in Meta ne (mai Facebook da Instagram) ko Google, ya riga ya san wannan lambar, domin wayar ɗaya ce kike buɗe Facebook, Instagram da YouTube da ita. Haɗa lambar da shafinki ba wani aiki ba ne a wurinsa.

Akwai wata ƙofar kuma, ta manhajojin da ke nuna talla a cikinsu. Duk lokacin da gurbin talla zai buɗe, ana yin gwanjo cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ana aika wa kamfanoni masu yawa sanarwa cewa ga waya mai lamba kaza, a kusa da wuri kaza, cikin manhaja kaza, wa zai saya? Ɗaya ne ke cin gwanjon, amma duk waɗanda suka taya sun ga sanarwar. Sunan manhajar kaɗai ya isa labari: wayar da ke buɗe manhajar rainon ciki kowace safiya ba sai an tambayi mai ita ba. Daga irin wannan tarkace dillalan bayanai ke haɗa jerin da suke sayarwa.

Shi ya sa kalmar "ba ma sayar da bayananki" da ake rubutawa a shafin manhaja ba ta kwantar da hankali. Ana iya miƙa bayani ba tare da an karɓi ko sidi ɗaya ba, a madadin samun kayan aiki kyauta. Haka kuma mai shagon kayan jarirai a Makola da ya biya kuɗin talla ba a ba shi sunan kowa. Yana zaɓar mata masu shekaru kaza a Akra, ko ya loda lambobin kwastomominsa ya ce a nemo masa masu kama da su, na'ura ta ƙarasa sauran. A Ghana wannan zancen lambar waya ya fi nauyi, tunda layi ɗaya ne aka yi wa rajista da Ghana Card, shi ne na MoMo, shi ne na WhatsApp. Duk manhajar da kika ba wa lambarki, kin ba ta igiyar da ke ɗaure da sauran rayuwarki.

A yi wa manhajojin adalci a nan: sau da yawa ba su ne suka kai labarin ba. Wadda ta yi ɓatan wata takan tambayi Google alamomin ciki cikin dare, ta kalli bidiyon ungozoma a TikTok har ƙarshe, ta tsaya a kan hoton wani bikin suna fiye da yadda ta saba. Kowanne alama ce. Ko ba ta yi komai ba, macen da ta sa hotunan aurenta bara tana cikin waɗanda na'ura za ta jefa wa tallan jarirai ko da ciki ko babu. Meta ta ce ta hana masu manhaja turo mata bayanan lafiya, kuma a Janairu 2022 ta cire wa masu talla damar zaɓar mutane ta wasu batutuwa masu sarƙaƙiya, har da na lafiya. Amma hana zaɓa da suna bai hana na'ura ganewa daga ɗabi'a ba.

An taɓa kama wani?

An kama, ba sau ɗaya ba. A Fabrairu 2019 jaridar Wall Street Journal ta gano Flo na sanar da Facebook lokacin da mace ke al'ada ko take neman ciki. Hukumar FTC mai kula da kasuwanci a Amurka ta bi sawun maganar, ta zargi kamfanin da miƙa bayanan lafiya ga Facebook, Google da kamfanonin nazarin bayanai AppsFlyer da Flurry duk da alkawarin sirri da ya yi. A 2021 aka sasanta: Flo bai amsa laifi ba, ba a ci shi tara ba, amma an tilasta masa sanar da waɗanda abin ya shafa da neman izini kafin ya sake miƙa irin wannan bayani. A Satumba 2019 ƙungiyar Privacy International da ke Landan ta nuna Maya da MIA Fem na tura wa Facebook bayanai masu zurfi, Maya ma tun daga buɗe ta, kafin mace ta amince da komai. A 2023 FTC ta ci mai manhajar lissafin ɗaukar ciki ta Premom tarar dala 100,000 kan miƙa bayanai ga wasu kamfanoni, ciki har da biyu na ƙasar Sin.

Mafi girma shi ne na Agusta 2025, lokacin da masu taya alƙali hukunci a wata kotun tarayya da ke San Francisco suka sami Meta da laifin karya dokar sirri ta jihar California kan bayanan masu amfani da Flo tsakanin 2016 da 2019. Meta ta ce ba ta yarda da hukuncin ba. Google da Flo kuwa sun zaɓi sulhu, suka amince su biya dala miliyan 56 a tsakaninsu. Wannan kuɗi na matan Amurka ne. 'Yar Sabon Zango da ta yi amfani da Flo a waɗancan shekarun ba ta cikin rabon.

Kamfanonin suna da abin faɗa. Flo ya fito da tsarin amfani ba tare da suna ko imel ba a 2022. Clue, wanda ke Berlin, yana ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta hau kansa ko a ina mai amfani da shi take. Suna kuma cewa bayanan da aka tara, in an cire sunaye, suna taimaka wa binciken lafiyar mata da aka daɗe ana wa riƙon sakainar kashi, kuma akwai gaskiya a ciki. Wani bincike na 2019 kan zagayen al'ada sama da 600,000 ya nuna kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke cika kwana 28 daidai. Wannan kaɗai ya isa gargaɗi ga mai dogaro da "ranakun da ba a ɗaukar ciki" na manhajar da kalanda kawai take bi. Duk da gyare-gyaren, lokacin da gidauniyar Mozilla ta duba manhajoji da na'urori 25 na wannan fanni a Agusta 2022, 18 ta liƙa wa tambarin gargaɗi.

Wanda yake ganin wannan damuwar mata ce kaɗai ya tuna Muslim Pro, manhajar lokutan salla da Alƙur'ani. A Nuwamba 2020 aka bankaɗo cewa bayanan wurin masu amfani da ita na zuwa ga dillalin bayanai X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Manhajar ta yanke hulɗa da shi daga baya. Hanyar iri ɗaya ce: ɗan rakiya a cikin manhajar da aka amince wa.

Me dokar Ghana ta ce?

A takarda, ta ce da yawa. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da na sadarwa. Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Doka ta 843, ta sa lafiyar mutum da rayuwarsa ta jima'i cikin bayanai na musamman da ba a sarrafa su sai bisa sharuɗɗa masu tsauri. Sashe na 40 ya hana amfani da bayanan mutum wajen tallata masa kaya kai tsaye ba tare da rubutacciyar amincewarsa ba. Mutum yana da haƙƙin tambayar abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara ko a goge, kuma Hukumar Kare Bayanai ce ke karɓar ƙorafi.

A aikace, ƙarfin dokar ya fi tasiri kan wanda ke da ofis a nan: asibiti mai zaman kansa, kantin magani na intanet, ko manhajar gida da ta karɓi lambarki a wajen awo ta fara turo miki saƙon talla. Kamfanin da ke wata nahiya, ba shi da ofis ko ma'aikaci a Akra, kamo shi ba ƙaramin aiki ba ne. Idan kuma abin ya kai ga wani na yi miki barazanar tona asiri don ki biya shi, wannan laifi ne, kuma Hukumar Tsaron Intanet tana karɓar rahoto ta lamba 292.

Tsoron da ya tayar da maganar a Amurka daban ne. Bayan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da ya ba da 'yancin zubar da ciki a ranar 24 ga Yuni 2022, mata suka ji tsoron a yi amfani da bayanan manhaja a matsayin shaida a kansu. A Ghana doka ta halatta zubar da ciki ne a wasu halaye kawai, kamar fyaɗe, haɗari ga rai ko lafiyar uwa, ko mummunar nakasa ga ɗan tayi, don haka ba za a ce batun bai shafe mu ba sam. Amma ba shi ne haɗarin da ya fi kusa da 'yar Zango ba.

Ƙofar da ta fi kusa

A al'adarmu ƙaramin ciki ba a shelarsa, na fari ma kunyarsa ake ji. Jinkirin haihuwa kuwa ciwo ne da mace ke haɗiyewa a gaban dangin miji, wani lokaci a gaban kishiya. Kamfanin da ke Amurka bai san uwar mijinki ba. Allon wayarki ne ya san ta.

Ki duba yadda waya ke yawo a gidan haya na Nima ko Fadama: yaro ya karɓa zai yi wasa, ƙanwar miji ta ara za ta kira, an bar ta a caji a ɗakin maƙwabciya. Sanarwa ta faɗo a kan allo, ko a kulle yake: al'adarki ta yi jinkirin kwana biyar. Ko ana kallon bidiyo tare, tallan asibitin masu neman haihuwa ya katse shi sau uku. Ga mai gyaran waya a Tip Toe Lane da ake miƙa wa waya haɗe da lambar buɗe ta. Ga wadda aka fi mantawa: mata da yawa ba su suka buɗe Gmail ɗin da ke wayarsu ba, yaron shago ne ko wani ɗan'uwa, kuma har yau ya san kalmar sirrin. Duk manhajar da aka yi wa rajista da wannan imel, yana iya shiga ta daga wata wayar. Flo da Clue kuma suna da tsarin haɗa miji ko wani da lissafin mace. In da yardarta ne, madalla. In an karɓi wayar an kunna ba ta sani ba, ya zama leƙen asiri.

Tallan kansa yana ciwo. Wadda ta yi ɓari takan ci gaba da ganin kayan jarirai makonni, domin na'ura ba ta san an yi rashi ba. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2023: fiye da rabin masu amfani da manhajojin sun ce sun ga ƙaruwar tallan jarirai ko na haihuwa, kashi 17 cikin ɗari suka ce abin ya sosa musu rai. A nan kuma akwai ƙarin masifa, masu maganin "buɗe mahaifa" da "wanke mara" da ke farautar mai neman haihuwa. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana tallata magani ba tare da amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, ba, amma shafin da aka buɗe jiya a Facebook ba ya jiran izinin kowa.

Abin da za a iya yi da wayar da ke hannu

A fara da gida. Canza kalmar sirrin Gmail idan wani ne ya buɗe miki. Kashe sanarwar manhajar gaba ɗaya, ko ki sa waya ta ɓoye abin da sanarwa ta ƙunsa idan allo na kulle. Sa wa manhajar makulli na daban. Wayoyin Tecno da Infinix suna zuwa da "App Lock". Kafin kai gyara, ki fita daga asusun manhajar.

Sai lambar talla. A Android, shiga "Settings", sai "Google", sai "Ads", ki danna "Delete advertising ID". A wasu wayoyin yana ƙarƙashin "Privacy". A iPhone, tun 2021 dole manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawunki, kuma ana iya rufe ƙofar duka a "Tracking". Wannan ba ya hana talla zuwa, yana dai tsinke igiya ɗaya. Sauran igiyoyin suna cikin asusunki: a "My Ad Center" na Google akwai wurin rage tallan ciki da raino, a "Accounts Center" na Facebook kuma akwai shafin da ke nuna manhajojin da suka turo rahoto a kanki, inda za ki goge na baya ki katse na gaba. Manhajar al'ada ba ta da abin yi da wurin da kike ko lambobin mutanenki. In ta nema, ki hana. Kada ki yi rajista da maɓallin shiga ta Facebook ko Google, kuma filin da ba dole ba ki bar shi fayau.

Bayanin tsaro da ke shafin kowace manhaja a Play Store mai manhajar ne ke cike shi da kansa, don haka kada a ɗauke shi hujja. Shafin Exodus Privacy yana nuna 'yan rakiyar da ke cikin manhajojin Android kyauta. Akwai kuma manhajojin da ba sa neman rajista, suna ajiye komai a cikin wayar: Drip, Euki da Periodical. Illarsu ita ce in an fizge wayar a Circle ko ta faɗa ruwa, lissafin ya tafi da ita, sai in kin saba fitar da kwafi kina adanawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne goge manhajar daga waya a ɗauka an gama. Abin da ke rumbun kamfanin yana nan daram. Tsarin shi ne: ki kwafe ranakun watanni shida na ƙarshe a takarda saboda asibiti, ki shiga saitin manhajar ki goge asusun, ki jira saƙon tabbatarwa a imel, sannan ki cire ta. Idan babu maɓallin gogewa, ki rubuta wa adireshin da ke cikin takardar sirrinsu ki nemi a share bayananki, ki ajiye hoton saƙon da kwanan watansa. Kamfanin da ke Tarayyar Turai yana da wata ɗaya ya ba ki amsa. Abin da 'yan rakiya suka riga suka kai wasu gidaje kuwa, wannan gogewar ba lallai ta kai gare shi ba, shi ya sa tallan kan ɗauki lokaci kafin ya lafa.